Uwargida, Kin San Abin Da Ke Zuciyar 'Ya'yanki?

Yau a wannan fili namu za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu ɗauko wata magana wadda ta shafi kowane gida, amma ba kasafai ake son tayar da ita ba. Watau maganar lafiyar hankali da zuciyar yaranmu, tun daga 'yan firamare har zuwa samari da 'yammata waɗanda suka fara tasawa.

Kowace uwa ta san abin da za ta yi in jikin ɗanta ya yi zafi. Ta taɓa goshinsa, ta shafa masa ruwa, ta goya shi zuwa asibiti. Amma in yarinya ta daina cin abinci, ta daina dariya, ta shige ɗaki ta ja ƙofa, sai mu ce miskilanci ne, ko kuwa ta fara jin kanta. In abin ya yi tsanani mu ce iska ce ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa ciwo ne, irin wanda likitoci suka sani, suka kuma san maganinsa.

Abin da ya tayar da maganar

Masu sauraron labarai za su tuna abin da ya faru cikin watan Mayu na 2025, lokacin da hukumar JAMB ta fito da sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Daga cikin ɗalibai miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A gidaje da yawa aka yi ta faɗa da gori, wai yara ba su yi karatu ba. Ran 14 ga watan sai ga shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ce an sami tangarɗar na'ura wadda ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma ba su dama su sake zama. Amma kafin wannan bayani ya fito, jaridu sun riga sun ba da labarin wata yarinya wadda ta hallaka kanta bayan ta ga makin da aka ba ta. Likitoci sun ce irin wannan mugun abu ba kasafai yake aukuwa saboda dalili guda ba, yawanci akwai damuwa da ta daɗe tana taruwa ba wanda ya lura. To, tambayar da ta kamata kowace uwa ta yi wa kanta ita ce: da 'yata ce ta ga wannan sakamako, wurina za ta fara zuwa, ko kuwa ni ce wadda za ta fi jin tsoron haɗa ido da ita?

Ta ɓangaren hukuma kuwa, an ɗan motsa. Cikin watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta tun 1916 ne, zamanin Turawa, wadda kuma ta fi ba da ƙarfi ga tsare mai ciwo a kan yi masa magani. Sabuwar ta tanadi haƙƙin mai ciwo na samun magani, ta hana a nuna masa bambanci, ta kuma ce a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tare da asusun kuɗi domin wannan aiki.

Sai dai doka ba ta duba marar lafiya, likita ke dubawa. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta ce likitocin wannan fanni da ke aiki cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara 'yan kaɗan ne daga cikinsu. Ma'anar wannan a fili take. Kafin yaro ya kai ga likita, in ma zai kai, uwarsa ce za ta fara ganin alama, ita ce kuma za ta yanke shawarar abin da za a yi.

Abin ya kai yaya yawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda suka fi yawa su ne ciwon damuwa da ciwon fargaba. Ta kuma ce kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin a wuce shekara 14, amma galibi ba a ganewa sai an girma. A rahoton da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a 2021, an tambayi matasa a ƙasashe 21, har da Nijeriya. A nan ƙasar, ɗaya cikin 6 na masu shekara 15 zuwa 24 ya ce sau da yawa yana jin ƙunci ko rashin sha'awar yin komai.

Ki ɗauki ajin 'yarki, mai ɗalibai kamar 70. Bisa wancan lissafi, wajen 10 daga cikinsu suna ɗauke da wani nauyi a zuci. An kuma daɗe da sanin cewa daga lokacin balaga ciwon damuwa ya fi kama 'yammata a kan samari, har ya kusa ninki biyu. Saboda haka wannan magana tamu ce, mu mata, ciwon 'ya mace kuwa na 'ya mace ne.

Nauyin da yaran yanzu ke ɗauke da shi

Wata za ta ce, mu ma ai mun yi ƙuruciya, ba mu san wata damuwa ba. Gaskiya ne kowane zamani da wahalarsa, amma mu dubi abin da yaran yau suka tashi suka tarar.

Na farko shi ne rashin tsaro. An sace 'yammata 276 a Chibok a 2014, aka ɗauki 110 a Dapchi a 2018, sai yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sai 'yammata 279 a Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Aka sake yi a Kuriga ta Jihar Kaduna a watan Maris na 2024, sannan a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja a watan Nuwamba na 2025. In an sako yara muna murna, a yi hoto da gwamna, kowa ya watse. Amma yaron da ya kwana a daji ƙarƙashin bakin bindiga ba ya barin abin a daji. Wani ya dinga firgita cikin barci, wani fitsarin kwance ya dawo masa bayan ya daɗe da bari, wata in ta ji ƙarar babur sai jikinta ya ɗauki rawa. Har yaran da ba a taɓa su ba, suna jin labari, suna ganin hotuna a waya, suna kwana a makarantar kwana da kunne a buɗe.

Na biyu shi ne halin da gida yake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Yara ba kurame ba ne. Suna jin cacar baki a kan kuɗin cefane, suna jin kunya in an koro su saboda kuɗin makaranta, wata ma sai ta riƙa ganin ita ce ta zame wa iyayenta kaya. Inda kuma aure ya mutu, yaro ya koma hannun kishiyar uwa ko ya zama agola a wani gida, ba kasafai ake zaunar da shi a yi masa bayani ba, sai shi kaɗai ya yi ta saƙa da warwara.

Na uku shi ne shaye-shaye. A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalabar maganin tari mai kodin har miliyan 3 kowace rana a jihohin Kano da Jigawa, kuma a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin 4 daga cikinsu mace ce. Abin da ya kamata mu gane shi ne, sau da yawa damuwa ce ke riga ƙwaya zuwa. Yarinyar da ta rasa barci, ta rasa wanda za ta gaya wa, ita ce ƙawa ke miƙa wa kwalba ta ce sha ki huta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu ita ce wayar hannu. Da, in an yi wa yarinya gori a makaranta, da ta dawo gida ta huta. Yanzu gorin yana biyo ta har kan gado ta WhatsApp da TikTok, ga kwatanta kai da masu nuna ado da fata da ba tasu ba, ga kwana ana latse-latse. Abin ya damu manyan ƙasashe ma, har Ostareliya ta yi doka, wadda ta soma aiki ran 10 ga Disamba 2025, ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a irin su Facebook, Instagram da TikTok. Mu da ba mu da irin wannan doka, uwa da uba su ne dokar.

Ƙofofin da suka rufe

A al'adarmu uwa tana yi wa 'ya'yanta kunya, musamman ɗan fari, har ba ta kiran sunansa, ba ta kuma sakin jiki da shi gaban mutane. Wannan bai cutar da mutanen da ba, gama gidan gandu ne, cike da jama'a. Abin da yarinya ba za ta iya gaya wa uwarta ba, sai ta gaya wa kakarta cikin wasan jika da kaka, ko goggonta, ko yayarta. Da dare ga tatsuniya, ga dandali, ga gaɗa, inda ake fitar da abin da ke rai cikin waƙa da raha.

Yanzu fa? Da yawanmu muna zaune a gidan haya, daga mu sai maigida sai yara. Kaka tana ƙauye, goggo tana wani gari, dandali ya mutu. Mun riƙe kunyar, amma mutanen da ke cike gurbinta sun tafi. Saboda haka dole ɗayan biyu: ko uwa ta rage kunyar nan ta zama abokiyar shawarar 'yarta, ko kuwa ta tabbatar akwai wata babba mai hankali da amana wadda yarinyar ke iya zuwa wurinta. In ba a yi ko ɗaya ba, waya da ƙawaye za su karɓi aikin.

Alamomin da za a lura da su

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu ba ciwo ba ne, kowa yana yi, balle mai tasowa wanda jikinsa ke sauyawa. Abin dubawa shi ne canjin hali wanda ya kai mako 2 ko fiye, ya kuma taɓa karatu, ko ci, ko barci, ko zama da mutane.

A wurin ƙananan yara damuwa ta fi fitowa ta jiki. Yawan ciwon ciki ko ciwon kai wanda aka auna ba a ga komai ba, musamman da safe in za a tafi makaranta. Maƙale wa uwa fiye da da, mugun mafarki, komawa tsotsar yatsa ko fitsarin kwance.

A wurin waɗanda suka tasa kuwa, ki lura da mai surutu da ta yi shiru, mai ƙawaye da ta janye, mai ƙoƙari da makinta ya faɗi ba dalili. Ki lura da rashin barci ko yawansa, rashin ci ko yawansa, barin wanka da kitso, kuka ba sanadi, da yawan cewa ni ba ni da amfani. A wurin samari da yawa ciwon ba ya zuwa da kuka, da fushi yake zuwa, da faɗa da kwana a waje. Haka kuma in kika ga yaro ko yarinya farat ɗaya ta soma tsoron wani mutum, ko ta ƙi zuwa wani gida da ta saba zuwa, kada ki tilasta ta. Ki tambaye ta a hankali, in ta faɗi wani abu ki yarda da ita tukuna, gama yawancin masu lalata yara ba baƙi ba ne.

Akwai alamar da ba a jira a kanta ko na kwana ɗaya. In yaro ya ce gara ya mutu, ko ya ce kun kusa hutawa da ni, ko kika ga yanka a hannunta, ko ta soma rabar da kayan da take ƙauna kamar mai sallama, to, kada ki ce neman magana ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna a kulle, a kuma kai ta asibiti a ranar.

Abin da uwa za ta iya yi

Abu na farko shi ne sauraro, shi ne kuma ya fi wuya. Yaro ba ya buɗe ciki in an zaunar da shi kamar gaban alƙali. Ki neme ta lokacin da hannu ke aiki, kuna tsince shinkafa, ko kina yi mata kitso, ko kuna hanyar unguwa. Ki ce, “Na ga kwana biyu ba kya walwala, me ke damun ki?” In ta ce ba komai, ki ce, “To, duk sa'ad da kika so magana ina nan.” Ki sake tambaya bayan kwana biyu. In ta fara magana kada ki katse ta da wa'azi, kada ki ce wannan ne abin kuka, kada kuma ki kwashe sirrinta ki kai gidan biki. Ranar da ta ji maganarta a bakin maƙwabciya, ranar ta rufe bakinta gare ki.

Na biyu, ki raba laifi da mai laifi. Ki ce abin da kika yi ba daidai ba ne, amma kada ki ce ke ba za ki taɓa yin albarka ba. Bakin uwa yana da nauyi, yaro kuwa yana gaskata abin da uwarsa ta kira shi. A bar kwatanta shi da ɗan kishiya ko 'yar maƙwabta. A bar gori a kan baƙar fata, ko ƙiba, ko rama, ko rashin samun manemi. Horo wajibi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa a hankali yake yi don kada ya karye. Likitoci sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna abu kafin a aikata ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa ɗan shekara 15 yake da jikin babba amma yake yin wauta.

Na uku, a tsare barci da ci da wasa. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yarinyar da ta je boko, ta je Islamiyya, ta yi wanke-wanke da raino, ta kwanta sha biyun dare ta tashi da asuba, ba abin mamaki ba ne in ta zama mai saurin fushi. A raba aikin gida da adalci tsakanin maza da mata. A sa doka cewa waya ba ta kwana a ɗakin yara, ke ma uwa ki ajiye taki lokacin cin abinci. Kada a kalli hotunan kashe-kashe gaban ƙanana.

Na huɗu, game da jarrabawa, ki gaya wa 'yarki tun kafin sakamako ya fito cewa ko ta ci ko ta faɗi, 'yarki ce, kuma ana sake zama baɗi. Wannan magana ba ta sa yaro lalaci. Tsoro shi ne ke hana abin da aka karanta zama.

Na biyar, ki jawo maigida cikin maganar. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki gaya masa abin da kika gani dalla-dalla, yaushe ya soma, me ya canja. Yawancin gidaje sai da izninsa da kuɗinsa za a je asibiti, kuma kalma ɗaya mai daɗi daga bakin uba tana da tasiri ƙwarai a zuciyar ɗa. Ke ma ki kula da kanki, gama uwar da ke cikin ƙunci da wuya ta ga ƙuncin ɗanta. In ke ce ke fama, neman magani ba abin kunya ba ne.

Abin da za a guje wa

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, har da yara, waɗansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Yawancin waɗannan yara iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don sun rasa yadda za su yi. Amma sarƙa da bulala ba su warkar da damuwa ko shaye-shaye, sai dai su ƙara wani ciwo a kan wani. Haka nan aurar da yarinya don a rabu da rigimarta ba magani ba ne, an dai sauya wa ciwon ɗaki ne, ga kuma ciki da goyo suna tafe.

Waɗanda suka yi makaranta a Kano cikin shekarun 1990 ba za su manta da zancen Sumbuƙa ba, lokacin da 'yammata ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Likitoci sun san irin wannan faɗuwa ta taro a makarantun ƙasashe da yawa, sun kuma ce tana da alaƙa da tsoro da matsin da ya taru. Ba wanda ya ce a bar addu'a, ita ce ma ke kwantar da hankalin gida. Amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mu kai mai zazzaɓi. Wani abin da muke kira iska farfaɗiya ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

Ina za a je?

A fara da asibiti mafi kusa, a gaya wa likita kome ba ɓoye-ɓoye. Zai duba ko akwai ciwon jiki da ke kawo kasala, kamar ƙarancin jini, in ya ga da bukata ya tura gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika su ma suna da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin ɗanki ya haukace. Da yawa ana duba su ne su koma gida a ranar, waɗansu ma ba a ba su ƙwaya ko ɗaya, zama ake yi da su ana tattaunawa. In an ba da magani kuwa, kada a daina don an ga sauƙi sai likita ya ce, kada kuma a sayi maganin barci a kemis a ba yaro.

Tun 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya soma wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu ciwo ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba da wannan tsari, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya nuna shi ne, mai wannan ciwo ya fi saurin samun sauƙi in danginsa suna kusa da shi.

Gare ku 'yammata 'yan makaranta

Ke 'yata, in kin karanta alamomin nan kin ga kanki a ciki, ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma ba rashin tarbiyya ko raunin imani ne ya jawo miki ba. Ki nemi babba ɗaya da kika amince da ita, mamarki, ko yayarki, ko goggonki, ko wata malama, ki gaya mata. In baki ya yi nauyi, rubuta a takarda ki miƙa. In ta farko ba ta saurare ki ba, ki gwada ta biyu. Kada ki karɓi kwalba ko ƙwaya daga hannun kowa da sunan maganin damuwa. In wani yana tsorata ki da hotonki ko da wani sirri a waya, kada ki biya shi, kada ki yi shiru, ki faɗa wa babba. Faɗan da za a yi miki na yini ɗaya ne.

In kuma ƙawarki ce ta gaya miki tana son ta cutar da kanta, ta ce ki rufa mata asiri, wannan asiri ba a rufa shi. Ki gaya wa malama ko iyayenta nan take. Gara ta yi fushi da ke tana raye. Ku kuma daina yi wa juna dariya a kan jiki, ko talauci, ko faɗuwa jarrabawa, gama ba ku san abin da wata ta baro a gida ba.

Kira ga hukuma

Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a sa malaman ba da shawara a makarantu. Ya kamata iyaye mata su tambaya a taron iyaye da malamai: shin makarantar 'ya'yanmu tana da irin wannan malama, kuma yara sun san ɗakinta? Ya kamata gwamnatocin jihohi su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan alamu, tun da likitocin fannin ba su isa ba. Yaran da aka ceto daga hannun 'yan bindiga kuma a ci gaba da bibiyar lafiyarsu wata da watanni. Ƙungiyoyinmu na mata da makarantun Islamiyya na matan aure su gayyato ma'aikatan lafiya su yi bayani, don uwa ta ji daga bakin masana.

Kafin hukuma ta yi nata, mu yi namu. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki kira ɗaya daga cikin 'ya'yanki, wanda ya fi yin shiru kwanan nan, ki tambaye shi yadda ya yini, ki kuma tsaya ki ji amsar. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.